Maganar Kawu Uku a Kan Lambu Ɗaya

Ƙanena Milimo malamin tarihi ne a sakandaren garinmu, nan Lusitu, shekara ashirin da takwas ke nan. Duk wanda ya ce mini mutumin kirki ne ba na yi masa musu. Ba ya sha har ya faɗi a hanya, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, in ka ba shi ajiya yadda ka bar ta haka za ka same ta. Sai dai ni da na goya shi na san abin da kirkin nan nasa ya jawo mini, shi ya sa in ana yabonsa a coci nakan sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara ɗankwali.

Tun yana ɗan mitsitsi yake da shegen bin diddigi. Uwarmu za ta ce kar wanda ya kuskura ya je bakin ruwa yau, dorina ta kife kwalekwale jiya. Mu sai mu ce to. Shi kuwa sai ya tambaye ta wa ya gani. Ta ce Bina Moono ce ta faɗa mata, wato uwar Moono maƙwabciyarmu. Ya ce ita Bina Moono ɗin a cikin kwalekwalen take ko a bakin gaɓa? Muciyar da ya sha a gadon baya saboda irin wannan ta fi a ƙirga, bai kuwa daddara ba. Da ya tafi kwalejin horon malamai muka ce madalla, can za a sauke masa wannan hali. Ashe can za a ba shi takardar shaidar yin sa.

Mu biyun a nan aka haife mu, amma iyayenmu kawo su aka yi. Garinsu na asali yana ƙarƙashin tafkin Kariba. A 1958, da Turawa suka toshe kogin Zambezi, aka loda mutanenmu a manyan motoci da awakinsu da turamensu, aka sauke su nan cikin ƙasar wasu, ƙasa mai tsakuwa wadda ko gero sai ya yi shawara kafin ya tsiro a cikinta. Kawunmu Siamaundu, wan uwarmu, saurayi ne ɗan shekara goma sha takwas a lokacin. Shi ya samo wa gidanmu wani yanki a bakin kogi, inda ruwa ba ya yankewa. Da yake mu Tonga ta wajen uwa muke gado, uwarmu ta noma wurin, da ƙarfinta ya ƙare ya dawo hannuna. Taku saba'in ne tsawonsa, faɗinsa bai kai haka ba. Albasa, kuɓewa, tumatir, ganyen miya, da masara ɗanya da rani lokacin da babu ita ko'ina. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, wannan lambu ne ya zama mijin. Ban da shi ba ni da komai, kuma Milimo ya sani sarai, don tuwon gidansa da kuɓewata ake cin sa.

To ga yadda yake koyarwa. Littafin da ake ba yara ya taƙaita tashin nan namu a layi huɗu: shekarar da aka yi madatsar, tsayinta, wutar lantarkin da take bayarwa, sai kuma wai an sake wa mutanen kwari matsuguni. Sauran malamai abin da suke yi shi ne su cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar, kowa ya tafi gida lafiya. Milimo ya ce shi wannan ba tarihi ba ne, kiwon aku ne. Kowace shekara sai ya raba wa 'yan ajinsa littattafan rubutu ya tura su wurin tsofaffi. A shafin farko dole yaro ya rubuta wa ya yi maganar, yaushe, a ina, da kuma su wa ke zaune a wurin lokacin da ake yin ta. In sun dawo sai ya ɗauko labarin tsoho ɗaya ya jera da na wani, ya sa yara su gano inda suka saɓa, su faɗi wanda ya fi nauyi da dalilinsu. Su yi ta gardama har a buga ƙararrawa, shi yana jingine da taga ya harɗe hannu. Amsa kuwa ko za su mutu ba zai ba su ba.

Yara suka sa masa suna Malam Wa-ya-ce. Iyaye suka yi ta kai ƙara, wai an tura 'ya'yansu makaranta an mayar da su 'yan tsegumi. Hedimasta biyar ya gani, duk biyar ɗin sun kira shi ofis sun nuna masa sakamakon jarrabawa, ga na sauran darussa a sama, ga na tarihi can ƙasa yana jan ciki. Ɗaya daga cikinsu har roƙonsa ya yi, ya ce Malam Milimo, masu duba jarrabawa ba ruwansu da abin da kakar wani ta ce, ka ba yaran nan abin da za su rubuta su wuce. Ya ce to zai duba. Ya yi wata guda yana cika allo fuska a murtuke kamar mai shan magani, daga nan ya koma gidan jiya. Yaran da ya koyar sun zo sun zama shugabanninsa, shi yana nan a aji da kekensa mai ƙara. Littattafan kuwa ko ɗaya bai yar ba. Suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗakinsa, akwatin da matarsa Nchimunya ta zo da shi don zannuwanta.

Kuma ba wai yana jin daɗin abin ba ne, wannan shi ke ƙona mini rai. Sau nawa zai zo lambu da yamma ya zauna a kan bokitina ya fara ƙorafi. Wai ya kwashe zango guda yana nuna musu yadda ake auna magana, ƙarshe yarinya ta ɗaga hannu ta ce Malam, to wanne za mu rubuta a jarrabawa? Wai in ya ce su yi tunani sai su kalle shi kamar ya ce su ɗauki jaki a ka. Nakan ce masa to ka ba su abin da suke so mana, ka huta su huta. Sai ya ce Yaya, ba ki gane ba. Ni kuwa na gane sarai, shuka dusa yake yi, yana kuma zaune a kan bokitin da nake son ɗiban ruwa da shi.

Duk cikin tsofaffin da ake tura yara wurinsu babu kamar Kawu Siamaundu. Shi dama neman mai saurare yake. Ka ba shi ƙoƙon chibwantu, kunun nan namu na masara, ka zauna, to ka shirya yini. Zai kwatanta maka tsohon gari gida gida, da tsamiyar da ake shari'a ƙarƙashinta, da kaburburan da aka bari ruwa ya ci, da yadda mata suka yi ta kuka a bayan mota suna riƙe da kaji. Milimo yakan ce kawu shi ne littafinsa mafi tsada. A sanyin 2019 kawu ya kwanta, bayan sati biyu ya rasu.

Da aka gama makoki aka zo cin suna. Mutum ba ya tafiya da sunansa a wurinmu, dole wani daga dangin uwa ya ci shi. A zaunar da shi a tabarma, a shafa masa mai, a ɗaura masa tsakiyar ado ta mamacin a wuyan hannu, a miƙa masa mashinsa da 'yar kujerarsa. Daga ranar shi ne mamacin. 'Ya'yan mamaci su kira shi baba, mu mu kira shi kawu, in aka zo shari'a kuma bakinsa bakin mamaci ne, abin da ya ce ya gani to ya gani. Mutum biyu aka tsayar, Milimo da wani ɗan innarmu Siabwengo, mai sayar da kifi, wanda zai iya rantse maka kifin shekaranjiya yanzu ya fito daga ruwa. Dattawa sun fi karkata ga Siabwengo, don shi kullum yana gari. Wa ya tashi ya hana? Ni. Ni da bakin nan nawa na miƙe na ce wa ya san maganar kawu kamar Milimo, wanda ya cika akwati da ita? Na yi ta zuba har dattawa suka ce Bina Maambo, wato ni, ta yi gaskiya. Milimo ya kalle ni, bai so ba, amma suna ba a ƙin cin sa. Duk lokacin da na tuna wannan tsayuwa tawa sai in ji kamar in mari kaina.

Ba a yi wata uku ba sai ga sammaci daga wurin dagaci. Damina ta ƙi a shekarar, gonakin tudu duk sun ƙone, kowa idonsa ya koma bakin ruwa. Wani Mapenzi, jikan tsoho Matambo, cikin mutanen da muka tarar a ƙasar nan, shi ya kai ƙara. Shi ya ci sunan kakan nasa, ya kuma sami injin ban-ruwa, saura wurin kafa shi. Wai lambuna aro ne Matambo ya ba kawu, kuma lokacin mayarwa ya yi. Yana jira ne kawu ya rufe ido, kowa ya san haka.

Ban damu sosai ba da farko. Yadda ake irin wannan shari'a kowa ya sani. Matambo zai yi magana ta bakin Mapenzi, Siamaundu zai yi ta bakin Milimo. In maganar matattun biyu ta yi kunnen doki, wanda ke riƙe da ƙasa shekara sittin shi ke ci gaba da riƙo. Kuma ni da kunnena na sha jin kawu yana cewa Matambo ba shi wurin ya yi, shi kuma ya kai masa akuya. Na yi wa Milimo tattaki da rana tsaka wata Lahadi bayan coci, na durƙusa a ƙofarsa na tafa hannu yadda ake yi wa babba, ƙanen da na share wa majina.

"Kawu," na ce masa, "magana ɗaya za ka faɗa ranar Asabar. Ni Siamaundu, Matambo ya ba ni, na kai masa akuya. Shi ke nan ka zauna."

Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwati, nan take na san abin da zai ɗauko. Ya fito da littattafai uku ya jera su a kan benci. Ya ce sau uku yara suka tambayi kawu yadda aka sami bakin ruwan. A na 1994 kawu ya ce Matambo ya ara musu ne, ya ce ku ci har ku miƙe. A na 2006 ya ce kyauta ce, ya kai akuya. A na 2016 kuwa ya ce babu kowa a wurin, ƙurmi ne shi ya sare da hannunsa, har ya kashe mesa biyu.

Na ce to madalla, ga ta nan a tsakiya, ka ɗauki ta akuya. Ai ba ƙarya za ka yi ba, bakinsa ne ya faɗa. Ya ce bakinsa ne ya faɗi sauran biyun ma. Ya buɗe shafin farko na littafin 1994 ya nuna mini da yatsa, wai ranar da aka yi wannan magana Matambo na raye, yana ma zaune a gefen kawu suna shan taba. Akuya ba ta shigo labarin ba sai bayan da Matambo ya mutu, babu mai ƙaryatawa. Kuma duk cikin akwatin nan babu wani tsoho ko tsohuwa da ya ambaci akuya, har uwarmu.

Raina ya ɓaci, amma kaina bai tsaya ba. Na ce kai da karatunka ba ka san kunya ba ne? Mutum na zaune a gefenka, shi ya taimake ka ranar da kake cikin wahala, ga yara suna rubutawa, za ka ce ai na biya ka da akuya? Ai dole ka girmama shi ka ce aro ya ba ka. Kawu kara ya yi wa Matambo, shi ke nan.

Kun san abin da mutumin nan ya yi? Fuskarsa ta washe. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na kawo masa kyauta.

"Yaya, wannan magana ce mai kyau ƙwarai. Shekara ashirin da biyar ina ba yara littafin nan, ba wanda ya taɓa kawo ta."

"Ba maki na zo nema ba, Milimo. Lambuna nake so."

Ya ce zai faɗi wannan hujja tawa a gaban dagaci, ba zai ɓoye ta ba. Na ce ba hujja ake nema a bakinka ba, shaida ake nema. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ka ci suna ka karɓi mashi, to ka tsaya inda mai mashin zai tsaya. Ya ce ai matsalar ke nan, mai mashin wuri uku ya tsaya. Na tuna masa yarana, na tuna masa jikoki biyun da nake riƙo, na tuna masa wa ta sayar da albasa ta saya masa takalmin da ya tafi kwaleji da shi. Ya ce bai manta ko ɗaya ba. Nchimunya na bakin murhu tana jin mu, ta ƙura wa tukunya ido kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Na tashi ban yi sallama ba, amma a raina na ce naka sai naka, in ya ga idon jama'a ya ga nawa zai yi abin da ya kamata.

Asabar gari ya cika ƙarƙashin kukar dagaci, har da 'yan makaranta da yawa, sun jeru a baya. Mapenzi ya fara tashi. Yaron da aka haifa ina da 'ya'ya biyu ya dogara sandar kakansa ya gyara murya, ko gezau.

"Ni Matambo, da idona na ga motoci sun sauke su. Siamaundu ya zo mini ƙafa duk ƙura, ya ce uwarsa da ƙanwarsa ba su da abin sawa a baki. Na ce ga bakin ruwa nan, ku ci har ku miƙe. Aro na ba shi."

Ina jin "ku ci har ku miƙe" na san inda ya samo ta. Ashe ɗalibin Milimo ne a da, a ajinsa ya karanta littafin nan. Shekara ashirin da takwas ƙanena yana kukan yara ba sa riƙe darasi, ɗaya tilo da ya riƙe shi ne wanda ya zo ƙwace mini lambu.

Milimo ya miƙe, mashi a hannun dama, littattafai uku a hagu. Ya ce shi ne Siamaundu, ya ci sunan kuma bai raina shi ba. Amma abin da bakin Siamaundu ya faɗa a kan wurin nan kashi uku ne, zai karanta duka. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, da shekara da sunan yaron da ya rubuta da waɗanda ke zaune. Ya faɗi hujjata ta kara, har ya ce tawa ce, ya kira sunana. Ya kuma gaya wa dagaci kada ya ɗauki maganar Mapenzi a matsayin shaida ta biyu, don daga littafin nan na farko ta fito, murya ɗaya ce ta zagayo. Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce shi tunda yake bai taɓa jin mamaci mai harshe uku ba. Dagaci mutum ne mai haƙuri, kuma na lura ba ya son ya kore ni. Ya ba Milimo ƙofa a buɗe.

"Siamaundu, mun ji karatu. Yanzu kai muke tambaya. A kan wacce ka tsaya?"

Da ya ce ta tsakiya an gama. Da ma ya ce bai sani ba, da dagaci ya sami abin riƙewa ya bar ni. Na kafa wa Milimo ido, ya kalle ni.

"Ranka ya daɗe, ba na wurin a 1958. Ba zan ce tabbas ba. Amma in dole sai na auna, ta farko ta fi nauyi."

Dagaci ya ce tunda bakin Siamaundu da kansa ya karkata ga aro, shi ba shi da ta cewa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma shekara sittin ta isa mutum ya miƙe. In kwashe abin da na shuka kafin ruwan farko, in miƙa wa Mapenzi wurin. Ya yanka mini wani fili a tudu, inda sai ka yi tafiyar rabin awa da bokiti a ka kafin ka jiƙa kunya ɗaya. Ban yi kuka a wurin ba, ban ba su wannan ba. Mapenzi ya zo ya durƙusa ya ce Inna ki yi haƙuri, na ce tashi ɗana, kai nema ka yi ka samu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Sati biyu ban yi wa Milimo magana ba. Ya aiko Nchimunya da garin masara na mayar. Ya zo da kansa na shige ɗaki na bar shi da kaji. Dangi suka rabu, wasu na cewa an zubar da mutuncin suna, wasu na cewa ai gaskiya ya faɗa, kuma duk masu cewa gaskiya ya faɗa ɗin lambunansu na nan. Ana cikin haka sai na ji a wurin niƙa wai ya ɗauki shari'ata ya kai aji. Wai ya rubuta maganganun kawu uku a allo ya yi wa yara gwaji a kansu. Na ajiye kwanon niƙan a nan, na ce a duba mini shi, na nufi makaranta. Abin da na shirya faɗa masa a hanya ba zai maimaitu ba.

An riga an tashi. Na same shi shi kaɗai a aji, ga tarin takardu a gabansa, ga jan biro a hannu, bai rubuta komai da shi ba. Na fara, na ce wato bai ishe ka ba ka tsiraita ni a gaban gari sai ka mayar da ni darasi? Bai kare kansa ba. Ya ce in zauna. Na ce ba zama ya kawo ni ba. Ya ce tambaya ɗaya ya yi musu, cikin maganganun nan uku wacce ta fi nauyi, kuma me ya sa. Ya ba su hujjata, ya ba su tasa, ya ce duk wadda mutum ya zaɓa zai ci maki in dai ya kawo dalili. Ya ɗauki takardar da ke sama ya karanta mini yana juya ta zuwa harshenmu.

"Ta farko ce, domin Malam ya faɗa a gaban dagaci."

Ya ajiye ya ɗauki ta biyu. Ta farko, domin haka Malam ya ce. Ta uku, ta farko, domin Malam ba ya ƙarya. Ta huɗu ta ɗan yi dabam, wai domin dagaci ya yanke. Ya ci gaba da karantawa muryarsa na raguwa, ni kuwa ban san lokacin da na zauna a bencin yara ba. Wani ma har ya ƙara da roƙon Malam ya gaya musu ko wannan zai fito a jarrabawar ƙarshen shekara.

Na tambaye shi nawa ne suka rubuta wani abu da ya fito daga kansu. Ya ce uku. Na ce cikin nawa? Ya ce arba'in da bakwai.

"Lambun shekara sittin a kan yara uku," na ce.

"Ba don su na yi ba, Yaya. Ko ba yaro ɗaya a wurin abin da zan faɗa ke nan."

"Ai wannan ya fi muni."

Na dube shi sosai, abin da na daɗe ban yi ba. Kansa ya yi fari fat, kwalar rigarsa ta sha ɗinki, tsakiyar kawu na lilo a wuyan hannunsa don ta yi masa yawa. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Na zo da zagi cike da baki na rasa inda zan sauke shi, kuma wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ban yafe masa ba, kada wani ya ɗauka na yafe. Tausayinsa ne dai ya kama ni a kan fushin, su biyun suka zauna tare, har yau kuma suna nan.

Ya tambaye ni me zan shuka a tudun. Na ce duwatsu, su ne ke yi a wurin. Ya ce zai zo ranar Asabar da fartanya. Na ce ya bar fartanyarsa a gida, ya zo da bokiti biyu da gammo, kuma ya sani ba Asabar ɗaya ba ce. Ya ce to.

Na fito. Da na waiwaya ta taga na ga ya mayar da tabarau ya jawo takarda ta gaba, yana bin ta da biro layi layi. Ni kuma na gangara bakin kogi da sauri, don albasata ba ta gama ƙosawa ba amma dole in tuge ta haka nan, Mapenzi ya riga ya sauke bututansa a bakin shinge.